Wayar bashin da ƙanina ya sa wa hannu a shago a Ikeja, da yanda aka yi muka fasa cinikin

Abun ya faru ne da ƙanina, ɗan kawuna ne amma tun da ya zo Legas a ɗakina yake kwana anan Agege, albasa yake saidawa a Mile 12, da asuba yake fita sai bayan la'asar yake shigowa. Yaro ne mai neman na kansa wallahi, baya wasa da kwabo, shi yasa ma abun ya tsaya min a rai har nace sai na rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, dan na san irin shi suna da yawa a garin nan.

Wayarsa ce ta faɗa kwata ranar da aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ta mutu murus. Kuma duk wanda ya san harkar gwari ya san yanzu in ba waya ba kasuwa, direban da ya ɗauko kaya daga Aliero ko Sakkwato a waya zai dinga gaya maka inda ya kawo, masu gidan abinci a WhatsApp suke turo abun da suke so, kuɗi kuma duk taransifa ne sai ka ga alat kafin ka saki buhu. To ranar wata Talata ya tashi kasuwa da wuri ya wuce Computer Village, babbar kasuwar wayoyi ta Ikeja, da dubu saba'in a akawun, niyyarsa ya samu 'yar tokumbo mai lafiya ya dawo.

A bakin wani babban shago mai gilas da esi wani yaro ya tare shi da Hausa tsantsa, “Malam sannu da zuwa, daga Arewa ko, wani gari?” Wanda bai zauna kudu ba bazai gane nauyin wannan ba, ka sha turmutsutsu ana ta jan rigarka da Yarabanci da buroka sai kawai ka ji harshenka a tsakiyar Ikeja, ai nan take zuciyarka zata sake. Ya ja shi ciki ya bashi kujera, ya nuna masa sabuwar waya a kwali ta dubu 180, yace me zai kai ka tokumbo da baka san tarihinta ba, ka bada kafin alƙalami dubu 54 yau ka tafi da wannan, sauran ka dinga biya kaɗan-kaɗan wata shida. Ƙanina ya tambaya nawa ne ƙarin da za'a ɗora, yace bai wuce dubu goma sha biyar ba gaba ɗaya. Yace ga sabon layi a ciki da data kyauta har wata shida, kuma in ka kai gida ka ga bata maka ba kana da kwana bakwai ka dawo da ita a baka kuɗinka.

Duk sa hannun bai kai minti ashirin ba. An karɓi NIN da BVN, an ɗauke shi hoto, an karɓi katin ATM ɗinsa an shigar da lambobin, lambar sirri ta shigo ta tes aka ce karanto ya karanto, aka ce kawo lambar mutum biyu da suka san ka ya bada tawa da ta Kawu, sannan aka miƙo masa wata babbar waya aka ce sa hannu nan da yatsa. Rubutun da ke saman wurin sa hannun Turanci ne ƙanana, yaron yana gungurawa da sauri yana cewa duk abun da na gaya maka ne a ciki. Takarda ɗaya tak ya fito da ita daga shagon, rasit ɗin dubu 54.

Da daddare bayan isha'i yana nuna min wayar yana murna sai na ce ina yarjejeniyar, yace wace yarjejeniya Yaya. Muka duba tes sai ga wani adireshin intanet da aka turo masa, na buɗe na karanta a hankali har sau biyu. Dubu 29 duk wata, wata shida, ya kama 174,000. Ka haɗa da 54,000 da ya bayar, 228,000 kenan. Wato ƙarin 48,000 ne, ya ninka abun da aka gaya masa sau uku da ɗoriya. Datar kuma watan farko ne kawai kyauta, daga nan zata dinga sabunta kanta daga kuɗin katinsa. Maganar kwana bakwai ko alamarta babu, abun da na gani ma shine da zarar an buɗe kwali an kunna waya ciniki ya faɗa. Ya daɗe bai ce komai ba, can yace “Yaya, ribar buhu nawa kenan.”

Abu ɗaya da muka yi a daren nan wanda shi ya cece mu daga baya, ban ma san zai yi amfani haka ba. Nace kana da lambar yaron, yace eh. Nace tura masa saƙo ka tambaye shi kai tsaye, ba faɗa ba zagi, kace dan Allah tuna min, nawa ka ce ƙarin yake, datar wata nawa ce, kwana nawa nake da shi in zan dawo da ita. Ba'a yi minti goma ba ya turo saƙon murya na sakan arba'in da wani abu, yana cewa Malam kar ka damu, dubu sha biyar ne, data wata shida, kwana bakwai kuma yana nan. Na tura saƙon wayata, na tura wa kaina a imel, na ɗauki hoton hirar yanda lambarsa da kwanan wata suka fito.

Washegari Laraba muka je tare da wayar a kwalinta. Yaron baya nan wai an tura shi wani reshe. Manajan ya nuna mana wata takarda da aka manna a bango bayan kanta, an rubuta da Turanci cewa kayan da aka saya ba'a dawowa da shi kuma ba'a mayar da kuɗi. Na kunna masa saƙon muryar na fassara masa, yace shi baya jin Hausa kuma yaron ba ma'aikacinsu bane ɗan kamasho ne na kamfanin bada bashin. Anan ne na fara gane abun da yawancin mu bamu ganewa, kai kana ganin ciniki ɗaya ka yi da mutum ɗaya a shago ɗaya, ashe igiya uku aka ɗaura maka. Shago ya saida waya kuma an riga an biya shi kuɗinsa cas. Kamfanin bashi shi ya biya shagon, shi kake bin umarninsa wata shida, kuma shi ya saka manhajar da ke kulle waya in ka yi lattin biya. Kamfanin layi kuma nasa daban. Kowa ka je wurinsa sai ya nuna maka ƙofar ɗayan.

Muna dawowa ƙanina ya kira wani ɗan uwanmu da ke karatu a Manchesta ya bashi labari, shi kuma da kyakkyawar niyya yace ai doka ce ta duniya, duk wanda ya sa hannu a kwantiragin waya yana da kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, ku je ku gaya musu haka. Na so ace gaskiya ne. Amma da na bi diddigi sai na ga ko a can Ingila ba haka abun yake ba. Dokarsu ta 2013 ta bada kwana 14 ɗin ne ga wanda ya saya ta intanet ko ta kiran waya ko aka zo har gida aka tallata masa, saboda bai ga kayan da idonsa a shago ba. Wanda ya taka da ƙafarsa ya shiga shago ya sa hannu bashi da wannan damar a doka, sai dai in kamfanin ne ya ga dama ya sa a tsarinsa. Abun da mai sayen shago yake da shi a can shine dokar 2015 da ta bashi kwana 30 ya mayar da kaya in yana da aibi a bashi kuɗinsa. Wannan kuma dokar Ingila ce, a Computer Village babu wanda ta ɗaure. Da mun je mun buga tebur da maganar kwana 14 da mun fara da ƙarya, kuma wanda ya fara da hujjar da ba ta tsaya ba ko ya zo da ta gaskiya daga baya ba'a sauraronsa da kyau.

Dokar da ta shafe mu anan itace ta gasa da kare masu sayen kaya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC da aka yi tun 1992. Na nemo ta na zauna na karanta ɓangaren haƙƙin mai saye dare biyu a jere. Gaskiyar da zan faɗa ko ba daɗi, babu inda tace in ka sayi kaya lafiyayye a shago ka kai gida ka canza ra'ayi dole a karɓa. Sashe na 120 ya bada damar fasawa amma akan abun da ka yi oda ko ka kama tun kafin a baka, shima ana iya cire wani abu daidai misali. Shi ƙanina ya riga ya karɓa ya kunna. Dan haka “na fasa, ta min tsada” ba zata kai mu ko'ina ba.

Amma dokar bata bar mu haka ba. Sashe na 114 yace bayanin da za'a ba mai saye ya zama cikin magana mai sauƙi da zai gane. Na 125 ya hana mai saidawa ya gaya maka abun da ba haka yake ba ko ya ruɗe ka akan wani muhimmin abu na cinikin, farashi kuwa ai shine uwar ciniki. Na 127 ya hana sharuɗɗan da suka karkata gefe ɗaya na zalunci. Na 132 yace in kaya bai da inganci ko yana da matsala, cikin wata uku da karɓa zaka iya mayarwa ba tare da tara ba, su gyara ko su canza ko su mayar da kuɗi. Na 145 kuma, wanda ya fi burge ni, yace in ka ce kaya na da aibi to nauyin kawo hujja yana kan wanda ya saida. Ita kuma takardar bango da ake nuna wa mutane kaman aya, bata fi doka ƙarfi ba, a 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke cewa tsarin “ba'a mayar da kuɗi bayan an biya” na wani kamfanin motocin haya ya saɓa wannan dokar, har ta sa ya biya fasinjan diyyar naira 500,000.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya wurin malamin da muke karatu gunsa da magariba na zayyana masa komai, sai na ga ashe abun da nake ta tono a dokar Bature yana nan a littafan zaure da sunansa. Yace a mazhabarmu ta Malikiyya da zarar an yi tayi an sallama ciniki ya ƙullu, nadama kaɗai bata warware shi, sai dai in mai kaya ya ji tausayinka ya yarda ku warware, wannan alheri ne yana da lada amma ba'a tilasta shi. Abun da ke warwarewa dole shine in an gindaya sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki tun farko, ko aka samu aibin da aka ɓoye, ko aka yi algus a magana. Yace to ku wanne kuke da shi, nace Malam ga dukkan alamu biyu, sharaɗin kwana bakwai da baki, da ƙaryar farashi. Ya kuma ja kunnena akan ƙarin da kansa, yace mai kaya ya saida maka bashi da farashi ɗaya sananne tun farko daban ne da wani ya ranta kuɗi ya ɗora ruwa a kai, irin wannan a tambaya kafin a shiga ba bayan an shiga ba.

Na ukun ma sai gashi ya zo da kansa. A kwana na biyar wayar ta fara zafi kaman an ɗora ta a murhu, tana kashe kanta tana kunnawa, caji in ya kai sittin sai ya tsaya. Ƙanina ya so ya kai wa wani mai gyara abokinsa a Pen Cinema na hana shi, dan da zarar wani ya kwance ta garanti ya tashi kuma sun samu abun fakewa. Muka ɗauki bidiyonta da wayata tana mutuwa tana tashi, muka kai ta ofishin gyara na kamfanin da ya ƙera ta, suka duba suka bamu takarda mai ɗauke da lambar IMEI da abun da suka gani. Duk mai waya ya san wannan lambar, ka danna *#06# zata fito, ka tabbata ita ce a jikin kwali kuma ita ce a rasit, mu tamu Allah ya taimaka duk sun yi daidai.

Sai dai in faɗi wani abu da na lura da shi, matsalar wayar ita kaɗai da ba lallai ta fitar da shi daga bashin ba, dan suna iya cewa kawo mu canza maka da sabuwa, ka ci gaba da biyan dubu 29 ɗinka. Kuma haka manajan ya fara cewa. Abun da ya taɓa tushen yarjejeniyar shine saƙon muryar nan, dan shi ya nuna ƙanina ya yarda ne akan farashin da ba shi bane. Matsalar wayar ta ƙara mana nauyi ne kawai akan shago, ta sa shima ya shigo cikin maganar ya daina cewa babu ruwansa.

Daga nan muka daina zuwa da baki muka koma takarda. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya da Turanci mai sauƙi da sunan ƙanina, ranar da ya saya, lambar rasit, IMEI, abu uku da aka gaya masa da abun da ke cikin yarjejeniyar kowanne a gefen ɗan uwansa, matsalar wayar da takardar masu gyara, sassan dokar, sannan abun da muke nema a fili: a karɓi waya, a rufe bashin, a mayar da kuɗi cikin kwana 14. Na rubuta maganar da ke cikin saƙon muryar da Hausa kalma da kalma na sa fassarar a ƙasa. Muka buga kwafi biyu muka kai shago a kwana na bakwai cif, dan kar gobe a ce ko kwana bakwai ɗin da kuke iƙirari ai kun bari ya wuce. Sun karɓa amma sun ƙi sa hannu a namu kwafin, sai na ɗauki hoton takardar akan kantarsu, na fita waje na tura ta imel ga shagon da kamfanin bashin a lokaci ɗaya.

Maganar layi ita tafi sauƙi. Muka kira 300, wadda tun 2023 ita ce lambar kula da kwastoma a duk layuka, muka ce a cire sabunta data ta kai tsaye, aka cire, muka karɓi lambar ƙorafi muka ajiye. Da sun ƙi, mataki na gaba shine 622 na hukumar NCC, kyauta ne, amma zasu fara tambayarka lambar ƙorafin da kamfanin layinka ya baka, shi yasa ake ajiye ta. Kuma kar mutum ya kai wa NCC kukan waya mai zafi ko bashin shago, su harkar layi ce tasu, kira da data da cire kuɗi ba izini. Kukan shago da mai bashi na FCCPC ne, a jihar nan kuma akwai LASCOPA, hukumar kare masu saye ta gwamnatin Legas.

Kwana 14 suka cika shiru, in ka kira kamfanin bashin sai a ce ana dubawa. Sai muka shigar da ƙorafi a shafin FCCPC na intanet muka ɗora duk takardun, na tura wa su biyun shaidar mun shigar, na ƙara da cewa in ba'a warware ba zamu je ƙaramar kotun bashi ta Legas. Wannan kotun an buɗe ta a 2018 a kotunan majistare dan ƙananan kuɗi, lokacin da aka fara har zuwa miliyan biyar, mutum na iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Mutanenmu da yawa da sun ji kotu sai gabansu ya faɗi, wasu kuma suce a bar wa Allah. Barin wa Allah gaskiya ne amma Allah bai hana ka neman haƙƙinka ba, kuma duk wanda ya yi shiru ya sauƙaƙa musu hanyar yi wa na bayansa.

Inda muka kusa yin babban kuskure shine da wata ya cika, ranar biyan farko ta zo ana tsakiyar rigima. Kawu ya kira daga gida ransa a ɓace, dan an riga an fara kiransa ana tuna masa wai shi ya tsaya wa yaro, alhali ko sanin an bada lambarsa bai yi ba, nima haka. Yace kar ku ƙara basu ko sisi, ku kwashe kuɗin akawun ɗin. Nace Kawu ka yi haƙuri ka bani dama in yi bayani. In bai biya ba wayar zata kulle, wannan ƙarami ne tunda dama a kwali take. Babban shine tara zata fara hawa, kuma masu bada bashi suna kai sunan wanda ya ƙi biya wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, abun yana bin BVN ɗinka, wata rana yaron nan zai nemi jari a banki a ce masa akwai tabo a sunansa akan wayar da ko wata ɗaya bai more ba. Sannan a gaban duk wanda zai raba gardama mu ne zamu koma masu laifi, daga wanda aka yaudara ya zama wanda ya ci bashi ya gudu. Kawu ya yi shiru yace to ku yi yanda kuka ga ya dace, Allah ya fidda ku. Muka bari aka cire dubu 29 ɗin, a ranar na tura imel cewa mun biya ne ba dan mun yarda ba, kuma yana cikin abun da muke nema a dawo da shi. Ƙanina ranar ko abincin dare bai ci ba, kuɗin da ya ware na sarin kaya ne.

A sati na shida wata mata daga kamfanin bashin ta kira tace mu haɗu a shagon. Wannan karon manajan har da bamu kujera. Ta saurari saƙon muryar, tazo da wani abokin aikinta mai jin Hausa ya tabbatar mata fassarata daidai ce. Bata ce sun yi laifi ba, cewa tayi yaron ya daina aiki da su kuma zasu rufe maganar dan a zauna lafiya. Abun da ya biya gaba ɗaya 83,000 ne. Suka ce zasu mayar da 74,000, su riƙe 9,000 wai kuɗin buɗe fayil ne ba'a mayar da shi. Ni a raina ban yarda da dubu taran nan ba har yau, fayil ɗin da aka buɗe akan ƙarya ban ga dalilin da wanda aka yi wa ƙaryar zai biya kuɗinsa ba, kuma ina ganin da mun tsaya da mun karɓo. Amma ƙanina ya matso kusa da ni yace “Yaya, kwana huɗu na rasa a kasuwa akan maganar nan, ko wace rana ta fi dubu tara, mu karɓa.” Kuɗinsa ne kuma lissafinsa daidai ne, na yi shiru.

Abun da ban yarda na sassauta ba shine takarda. Nace bazamu miƙa waya ba sai an rubuta mana an karɓe ta, da IMEI da kwanan wata da sa hannu da hatimi, kuma sai kamfanin bashin ya turo wasiƙar cewa an rufe bashin babu sauran ko kwabo a kansa. Matar tace za'a turo daga baya, nace to zamu zauna mu jira daga bayan. Muka yi kusan awa biyu akan kujerun nan har wasiƙar ta shigo imel na karanta na ga sunansa da lambar bashin sun yi daidai. Sannan ya cire akawun ɗinsa na Google da WhatsApp, ya zare layin, aka goge wayar tas a gabanmu. Layin dama da NIN ɗinsa aka yi rijista dan haka nasa ne, ya riƙe abunsa. Kuɗin sun shigo bayan kwana tara.

Shi yaron da ya ja shi shagon na daɗe ina tunaninsa. Na san kamasho yake ci, in bai kawo mutum ba bazai ci abinci ba, kuma wanda ya ɗora shi a bakin ƙofa ya san dalilin da yasa ya zaɓi mai jin Hausa. Amma duk da haka abun da yayi ya min zafi fiye da na manajan, dan manajan bai ce shi ɗan uwanmu bane. Amanar harshe aka ci, yaro ya yarda da kai saboda ka kira sunan garinsu, baya iya karanta abun da kake gungurawa, kai kuma ka san baya iyawa.

Washegarin ranar da kuɗin suka shigo muka je bankinsa muka ce a soke duk wani izinin cire kuɗi da aka ɗaura a akawun ɗin, aka toshe tsohon katin aka bashi sabo. Ya cika kuɗi ya sayi wata ƙaramar sabuwa ta dubu 78 hannu da hannu anan Agege, ya kunna ta a gaban mai shagon ya gwada caji da sifika da kyamara, ya sa mutumin ya rubuta a bayan rasit da biro cewa in ta nuna matsala cikin kwana uku zai canza, ya sa hannu. Ranar da ya kamata a cire biyan gaba muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, wayar na kan tabarma a tsakaninmu yana ta kallonta, har sha biyu ta wuce babu alat ɗin cire kuɗi, sannan ya tashi ya shiga ya kwanta dan motar albasa zata iso da asuba.